Tanki Kafin Mota: Nazarin Hanyoyin Adana Haidurojin Don Taraktoci da Manyan Motoci a Yankin Noma na Funtua da Malumfashi

Tsakure

Wannan takarda ta duba hanyoyi huɗu na adana iskar haidurojin domin ababen hawa: matse ta cikin tanki, sanyaya ta har ta zama ruwa, shayar da ita ga garin ƙarfe, da ɗaure ta a jikin wani sinadari kamar amoniya. An auna kowace hanya da aikin da tarakta da babbar mota ke yi a yankin Funtua da Malumfashi, tare da la'akari da zafin bazara, bushewar hunturu, gajartar lokacin huɗa, da kayan aikin da ke hannun kanikawa da masu walda. Lissafin da aka yi ya nuna cewa ajiyar da za a yi a ƙasa, daga rani zuwa damina, ta fi wadda za a yi a jikin mota wuya. Matsayar takardar ita ce tankin bar 700 da na ruwan haidurojin ba su dace da yankin ba, amoniya ce ke iya ɗaukar ajiyar watanni, kuma babu hanyar da za a amince da ita kafin a kafa tsarin gwajin tukwanen gas masu matsi.

1.0 Gabatarwa

Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur a Nijeriya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Dizal dama ya riga ya yi tashin gwauron zabi tun 2022. A kudancin Jihar Katsina, wato Funtua, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Sabuwa, Faskari, Ƙafur da Malumfashi, wannan tashi ya shiga cikin kowane buhu. Masara tana shan mai a huɗa, ta sha a injin casa, ta sha a motar da za ta kai ta kasuwar Ɗandume, sannan ta sha a tirelar da za ta ɗauke ta zuwa Kano ko kudu. Haka auduga da waken suya, haka tumatirin Ɗanja, wanda shi ba ya ma jira.

Yanki ne da sufuri ya gina. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya isa Ƙauran Namoda a 1929 ta Funtua ya bi, injinan gurzar auduga na zamanin Turawa suka zauna a Funtua da Malumfashi, ga kuma mahaɗar titunan Zariya, Gusau, Katsina da Birnin Gwari. A 2024 aka ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtua. Duk wani sauyi a makamashin ababen hawa, nan zai fara nuna amfaninsa ko illarsa.

Amsar gwamnatin tarayya ta gaggawa ita ce iskar gas ta CNG. Amma maganar haidurojin ma tana tafe. Nijeriya ta ɗauki alkawari a Gilasgo a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, tsarin sauya makamashi da ta fitar a 2022 ya ba haidurojin gurbi, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai kuma tana cikin masu koyar da digiri na biyu a wannan fanni. Abin da na lura da shi a yawancin jawaban da ake yi shi ne, ana tsayawa ne a kan samarwa: muna da rana, muna da ruwa, sai a raba ruwa da lantarki a sami haidurojin. Daga nan sai a tsallaka zuwa mota mara hayaƙi. Tsakanin samarwa da tuƙi akwai tanki, kuma a nan wannan takarda ta tsaya.

2.0 Asalin Matsalar da Ma'aunin Nazari

Idan aka bi ta nauyi, babu man da ya kai haidurojin ƙarfi. Kilo ɗaya yana ɗauke da megajul 120, fetur da dizal kuwa kimanin 43. Idan aka koma ta cin wuri, sai labari ya juya. Kilo ɗaya na haidurojin, a sake ba matsi, yana cika kimanin lita 11,000, alhali ƙarfin da ke cikinsa bai kai na litar dizal uku da rabi ba. Duk hanyoyin adanawa ƙoƙari ne na rage wannan lita 11,000 zuwa abin da mota za ta ɗauka, kuma kowace tana karɓar ladanta, ko a lantarki, ko a nauyi, ko a haɗari.

Domin kada maganar ta tsaya a sama, an ɗauki misali guda na lissafi. Tarakta mai ƙarfin doki 75, irin wadda ake haya, a ce tana shan litar dizal 8 a awa idan tana huɗa, tana kuma aikin awa 8 a yini. Lita 64 ke nan, wato kimanin megajul 2,300. Wanda yake da nasa adadin daga littafin aikin taraktarsa sai ya musanya, tsarin lissafin ba zai canja ba. Idan za a ƙona haidurojin a injin mai fistan, ana bukatar kusan kilo 19 a yini. Idan za a yi amfani da batirin haidurojin, wato na'urar da ke haɗa shi da oksijin ta fitar da lantarki da ruwa, kilo 13 zai isa, domin ita tana mayar da kusan rabin ƙarfin zuwa aiki, injin dizal kuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku. Kilo 13 ɗin nan, in ba a matse shi ba, ya fi cikin tankokin dakon mai huɗu masu lita 33,000.

Akwai abu na biyu wanda littattafan da aka rubuta a Turai da Japan ba su cika damuwa da shi ba. Motar birni tana shan mai kaɗan-kaɗan duk shekara. Taraktar Bakori kuwa takan yi watanni a ajiye, sai ruwa ya sauka kowa ya neme ta a mako guda. Idan aka ce kwana 40 take yi tana cikakken aiki, kilo 520 na haidurojin take bukata, kuma a daidai lokacin da gajimare ya fara rage wa farantan sola ƙarfi. Rana tana da yawa a Fabrairu da Maris, aiki yana da yawa a Yuni da Yuli. Saboda haka kowace hanya za a yi mata tambaya biyu: me take yi a jikin mota, kuma me take yi a rumbu.

3.0 Matsewa Cikin Tanki

Wannan ita ce hanyar da kusan duk motocin haidurojin da ke kan titi a yau suke bi. Ana auna matsi da bar. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 zuwa 2.5, tukunyar gas ɗin girki ba ta kai 15 ba, ta oksijin da masu walda ke amfani da ita 150 zuwa 200 ce, ta CNG kuma 200. Haidurojin na mota ana matse shi zuwa bar 350 ko 700. A 350 lita 1,000 tana ɗaukar kimanin kilo 24, a 700 kuma kimanin kilo 40. A lura, ninka matsi bai ninka abin da ke shiga ba.

Toyota Mirai ta 2014 tana ɗaukar kilo 5 a bar 700 cikin tankuna biyu masu nauyin kilo 87.5. Ke nan a cikin kowane kilo 100 na tanki da abin da ke ciki, haidurojin bai kai kilo 6 ba, kuma wannan shi ne aikin gwanaye. Irin wannan tanki ba na ƙarfe ba ne. Roba ce ta musamman a ciki, aka naɗe ta da zaren kabon, kuma zaren ne ya fi komai tsada a jikinsa. Manyan motocin Hyundai Xcient da aka fara kai wa Suwizalan a 2020 suna ɗaukar kusan kilo 32 a tankuna bakwai a bar 350, suna tafiyar kimanin kilomita 400. Kamfanin Fendt na Jamus ya gwada tarakta mai tankuna biyar a kan rufi, kilo 21 a bar 700. Taraktarmu ta misali za ta bukaci tankin lita 540 a bar 350, ko lita 325 a bar 700, a madadin tankin dizal na lita 64. Abu ne mai yiwuwa a jikin tarakta, an ma yi shi.

Wahalar tana gidan mai. Idan aka cusa haidurojin cikin tanki da sauri yakan yi zafi, kuma ƙa'idar duniya ta hana cikin tanki ya wuce digiri 85 a ma'aunin Salshiyas, don kada robar ta lalace. Shi ya sa gidajen man bar 700 ke sanyaya iskar zuwa digiri 40 ƙasa da sifili kafin ta shiga mota. A Funtua, inda zafin Afrilu yakan kusanci digiri 40 a inuwa, tazarar da za a sauko da ita ta kai digiri 80, kuma injin sanyi da kwamfiresa duka suna son wutar da ba ta ɗaukewa. Matsewar kanta tana cinye kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ƙarfin da ake son adanawa. Ko a Kalifoniya, inda aka fi ko'ina a Amurka zuba kuɗi a wannan harka, kamfanin Shell ya rufe gidajen haidurojinsa na ƙananan motoci a Fabrairun 2024. Bar 350 ya fi sauƙi, domin ana iya cika tanki a hankali cikin dare a garejin kamfani ba tare da wannan sanyi ba, kuma haka ake yi wa motocin bas a wurare da dama.

Sai maganar dako. Tirela mai bututun ƙarfe a bar 200 tana ɗaukar haidurojin kimanin kilo 300 kacal. Ƙarfin da ke cikin tankar dizal ɗaya mai lita 33,000 sai an yi irin wannan tirela fiye da 30 kafin a kawo shi. Duk wanda ya san titin Zariya zuwa Funtua ya san ma'anar wannan. Tireloli masu zaren kabon suna kaiwa kilo 1,000, amma ko su sai an yi kusan goma. Don haka haidurojin mai matsi dole a samar da shi inda za a sha shi. A rumbu kuwa abin ya fi muni. Tukunyar ƙarfe mai lita 50 a bar 200 tana riƙe kimanin kashi uku cikin huɗu na kilo, ita kuma nauyinta ya kai kilo 60. Kilo 520 na tarakta ɗaya, damina ɗaya, tukwane kusan 700 ke nan.

Game da haɗari, ya kamata a yi adalci. Haidurojin ya fi iska rashin nauyi sau 14, idan ya zuba a fili sama yake yi, ba ya kwanciya a kwata har mutane su zo da bokiti. Irin abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu wajen kwasar fetur, ba zai faru da shi ta wannan siga ba. Nasa haɗarin daban ne. Ba shi da launi, ba shi da wari, harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana. Yana kamawa idan ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, har zuwa kashi 75, kuma tartsatsin da yake bukata bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda tururin fetur ke bukata ba. Ɗan tartsatsin nan da mutum ke ji idan ya taɓa ƙofar mota a watan Janairu ya ninka abin da ake bukata sau da yawa. Hunturunmu yana wata uku yana samar da shi kyauta. Gareji mai rufin kwano wanda ba shi da mafitar iska a ƙololuwa, tarko ne. Ga kuma halinsa na shiga cikin ƙarfe mai tauri yana sa shi tsagewa a hankali, abin da ya sa tukunyar CNG ba ta zama ta haidurojin don kawai an canja mata baki.

4.0 Mayar da Shi Ruwa

Haidurojin yana zama ruwa a digiri 253 ƙasa da sifili, inda lita 1,000 ke ɗaukar kilo 71. A Satumban 2023 babbar motar gwaji ta Mercedes-Benz mai suna GenH2 ta yi kilomita 1,047 a Jamus da kilo 80 na ruwan haidurojin ba ta ƙara ba. Wannan ya isa ya kai kaya daga Funtua zuwa Legas, kuma shi ne kaɗai abin da za a yaba.

Sanyayawar tana cinye kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin, a masana'antar da sai ƙasa mai tsayayyar wuta ke iya riƙewa. Kuma komai kyan tanki, zafi yana shiga, ruwan ya riƙa tafasa, dole a saki tururin don kada tankin ya fashe. Motocin BMW Hydrogen 7 guda 100 da aka ƙera a 2006 da 2007 sukan fara sakin nasu bayan kimanin awa 17 a tsaye, kafin mako biyu tanki ya kusa ƙarewa ko an tuƙa ko ba a tuƙa ba. Tirelar da ke kwana uku a bakin kasuwa tana jiran lodi ba za ta lamunci haka ba, balle taraktar da ke hutun wata shida. Ban ga dalilin ɓata lokaci a kan wannan hanya ba.

5.0 Garin Ƙarfe Mai Shan Haidurojin

Akwai gaurayen ƙarafa da idan aka niƙa su gari, aka tura musu haidurojin da matsakaicin matsi, sai su shanye shi, in an ɗumama su kuma su sake shi. An gano na lantanom da nikel a ɗakin binciken Philips a Holan wajen 1970, na taitaniyom da baƙin ƙarfe kuma a Burukheben ta Amurka a 1974. Jiragen yaƙin Jamus masu tafiya a ƙarƙashin teku suna amfani da wannan hanya. Kyanta shi ne matsin bai wuce 'yan gomomin bar ba, ba ya tafasa ya gudu, kuma ko tankin ya huje iskar ba ta fita gaba ɗaya, domin garin yana yin sanyi yayin da yake sakewa, sanyin kuma ya rage masa gudu.

Aibinta nauyi. Garin taitaniyom da baƙin ƙarfe yana riƙe ƙasa da kilo 2 a kowane kilo 100. Kilo 13 na taraktarmu zai bukaci fiye da kilo 700 na gari, da kwanson tanki ya kusa tan ɗaya. Na magniziyom yana riƙe kilo 7.6, amma ba ya sakewa sai an kai shi wajen digiri 300. Wannan ne ya kore hanyar daga ƙananan motoci. Sai dai akwai injinan da nauyi ba ya yi musu illa. Tarakta dama ana rataya mata ƙarafa a gaba, a zuba ruwa a tayoyinta, don ta kama ƙasa. Motar ɗaga kaya kuwa akwai dunƙulen ƙarfe a jikinta da aka sa don kada ta kife. A 2016 masu bincike na Jami'ar Yammacin Kef a Afirka ta Kudu suka sa irin wannan tanki a motar ɗaga kaya a matatar Impala Platinum, ya yi aiki. Idan akwai wurin da ya dace a fara gwaji a yankinmu, tashar kan tudu ta Funtua ce, domin motocin ba sa fita daga shinge ɗaya, kuma injiniya ɗaya zai iya sa musu ido.

Abu biyu ne za a bincika a nan gida. Garin yana fitar da zafi idan yana sha, zafin bazara kuma yana rage masa sha, don haka sai an auna yawan ruwan sanyayawar da zai ci a Afrilu. Sannan danshi da oksijin suna kashe shi, wanda ke nufin sakaci ɗaya wajen ɗaura bututu zai iya lalata gari na miliyoyin naira. A matsayin rumbun damina kuwa bai taso ba: kilo 520 zai ci kusan tan 30 na gari.

6.0 Amoniya da 'Yan Uwanta

Hanya ta huɗu ita ce a daina riƙe haidurojin a matsayin kansa, a ɗaura shi da wani abu. Akwai mayukan da ake ɗora shi a kansu a ɗauke, irin wanda kamfanin Chiyoda ya yi dakonsa daga Burunai zuwa Kawasaki a 2020, suna riƙe kimanin kilo 6 cikin 100. Ana zuba su a tanki kamar dizal, amma cire haidurojin daga jikinsu yana son zafin da ya kai digiri 300, sannan a mayar da man da aka tatse masana'anta. Aikin tashar jiragen ruwa ne, ba na gona ba.

Amoniya ita ce ta cancanci dogon nazari, saboda yankin nan tuni yake sayen haidurojin ba tare da ya kira sunansa ba. Kowane buhun yuriya da aka zuba wa masara a Ƙafur, daga amoniya aka yi shi, amoniya kuma naitirojin ce da haidurojin. Masana'antar Dangote da aka buɗe a Lekki a Maris 2022 an gina ta ne don tan miliyan 3 na yuriya a shekara, ga ta Indorama a Eleme da ta Notore a Onne. Ke nan ƙasar tana da injiniyoyin da suka san amoniya a aikace, abin da ba za a ce game da tankin bar 700 ba.

Kusan kilo 18 cikin kowane kilo 100 na amoniya haidurojin ne. Tana zama ruwa a bar 10 a matsakaicin zafi, a digiri 40 kuma matsinta bai wuce bar 16 ba, kusa da na gas ɗin girki. Abin mamaki, litar amoniya ta fi litar ruwan haidurojin kansa yawan haidurojin: fiye da kilo 100 a lita 1,000, a kan 71. Kuma ba ta raguwa a ajiye. Aikin yini na taraktarmu zai ci kimanin lita 200, ninki uku na dizal, na kwana 40 kuma lita 8,000, wato tan 5. Tankin ƙarfe ɗaya ke nan a madadin tukwane 700. A nan ne kawai tambayar rumbu ta sami amsa.

Ba sabon tunani ba ne. A 1943, da dizal ya yanke a Beljiyam saboda yaƙi, an tuƙa motocin bas da amoniya. Masana'antar KIMA a Aswan ta Masar tun 1960, da ta Sable a Kwekwe ta Zimbabuwe daga 1972 zuwa 2015, da lantarki suka riƙa raba ruwa suna yin taki. Jami'ar Minesota ta kafa ƙaramin injin yin amoniya da wutar iska a Moris a 2013, kamfanin Amogy ya nuna tarakta mai amoniya a 2022, a 2023 kuma aka kafa injin da ke yin kimanin tan ɗaya a yini da hasken rana a wata gona kusa da Naibasha ta Kenya. Wannan na ƙarshe shi ne girman da ya dace da ƙungiyar manoma.

Yanzu kuma ladan da take karɓa. Tan ɗaya yana cin kimanin kilowat-awa 10,000 na lantarki, tan 5 ke nan 50,000, aikin da tarakta za ta fitar daga ciki kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Batirin lantarki na yau da kullum yana mayar da fiye da kashi 70. Don haka injin ban ruwa na fadamun Mairuwa, da babur, da keke mai ƙafa uku, ba su da wata hulɗa da haidurojin ko amoniya. Farantin sola da batiri sun fi musu, manoman rani ma sun fara gane haka ba tare da an kira taro ba. Amoniya ba ta son kama wuta, sai an haɗa ta da ɗan dizal a injin, kuma idan ƙonewar ba ta cika ba tana fitar da hayaƙin naitirojin mai cutarwa. In kuma za a fasa ta a ciyar da batirin haidurojin, sai an tace sosai, domin ragowar amoniyar da ta wuce kashi ɗaya cikin miliyan goma tana lalata shi. Tana cin tagulla da jan ƙarfe, don haka kayan gas ɗin girki ba sa yi mata.

Mafi girma, guba ce. Warinta yana gargaɗi da wuri, amma idan tanki ya fashe gargaɗi ba ya amfani. Ranar 24 ga Maris, 1992, tankar amoniya ta fashe a masana'antar man gyaɗa a Dakar, mutum 129 suka mutu, fiye da 1,000 suka jikkata. Tanki ne da aka taɓa yi wa gyaran walda, aka kuma cika shi fiye da ƙima. Shi ya sa nake ganin wurin amoniya shi ne rumbu a bayan gari da babbar gona mai shinge, ba tashar mota ko tsakiyar kasuwa ba.

7.0 Inda Ya Kamata a Fara

Wuri ɗaya a Afirka ta Yamma da haidurojin ya yi wa talaka aiki na shekaru shi ne ƙauyen Burakebugu a Mali. A 1987 masu haƙar rijiya suka ci karo da iska mai kashi 98 na haidurojin, a 2012 aka haɗa ta da injin da ya ba ƙauyen wuta. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne ba a adana komai ba, daga rijiya sai injin. Da zarar an ce a ɗora shi a kan taya, sai tsada da haɗari su shigo, kuma dukkansu a hannun mutum ɗaya suke taruwa, wato wanda ke duba tanki.

A Oktoban 2024 tukunyar CNG ta fashe a jikin wata mota a gidan mai a birnin Benin, mutane suka jikkata, bincike kuma ya nuna tukunya ce da aka haɗa da walda ba bisa ƙa'ida ba. Wannan a bar 200 ke nan. Kanikawanmu gwanaye ne, kuma gwanintarsu ta ginu ne a kan raya abin da ya mutu: a yanke, a liƙe, a buga, ya tashi. Tukunya mai matsi ba ta karɓar wannan. Ta zaren kabon idan ta sami kushe mai zurfi, ko ruwan batiri ya zuba mata, ko wa'adinta ya cika, huda ta ake yi a jefar. Koyar da mai walda cewa akwai abin da ba a gyarawa, da samar masa wani abin yi a cikin sabon tsarin don kada hani ya zama yanke masa abinci, shi ne aikin da ya fi kowane lissafi a takardar nan wuya.

Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a 2020, zai kawo gas kusa da Zariya, don haka tukwanen bar 200 za su yawaita a Funtua tun kafin a ga kilo ɗaya na haidurojin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan aka iya riƙe CNG shekara goma da rajistar kowace tukunya, da ranar gwajinta, da mai alhakin sa hannu, to manyan motocin da ke zirga-zirga tsakanin Funtua, Kano da Katsina, waɗanda tafiyarsu ba ta wuce ƙarfin tankin bar 350 ba, za su iya gwada haidurojin daga gareji ɗaya. In ba a iya ba, ƙara matsi ƙarin gawa ne.

Ina kira ga Gwamnatin Jihar Katsina da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa su kafa cibiyar gwajin tukwanen gas a Funtua, da ikon huda duk wadda ta faɗi gwaji, su kuma sa ƙungiyoyin kanikawa da masu walda a cikin tafiyar da ita. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuwa, su ba ɗalibansu aikin auna ainihin man da taraktocin Bakori, Ƙafur da Malumfashi ke sha a kowace kadada da kowane mako na damina, domin a maye gurbin lita 8 da kwana 40 na wannan takarda da adadin da aka ɗauko daga gona. Duk kamfanin da ya zo da tayin motar haidurojin kafin a yi waɗannan biyu, a ce masa ya fara kawo bayanin tankinsa.